Ina aiki kuma ina shirin jarrabawar CIPM: yaya zan tsara karatu?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a Kano, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kuma na yi rajistar jarrabawar CIPM, wato cibiyar ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata ta Najeriya. Saura wata uku. Da dare nake karatu bayan yara sun kwanta, amma abin da na karanta yau, bayan kwana biyu sai in neme shi in rasa, musamman dokar ƙwadago. Don Allah masu sani, awa nawa ya kamata in riƙa yi, kuma ta wace hanya?

Baban Hanif:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Matsalar ta fi alaƙa da yadda kike karatun, sannan da lokacin da kika zaɓa. Ƙarfe 10 na dare, bayan aikin ofis da na gida, ido na bin layi ne kawai, kai kuwa ya riga ya rufe.

Ki fara da lissafi. Wata uku mako 12 ke nan. Minti 50 kullum daga Litinin zuwa Juma'a, da awa uku ranar Asabar, ya ba ki awa bakwai da 'yan kai a mako, wato sama da awa 85 kafin ranar jarrabawa. Wannan zai wadatar idan ba a ɓarnatar da shi ba. Mako bakwai na farko ki ƙare manhaja da su, uku na gaba tsofaffin tambayoyi, biyun ƙarshe bitar wuraren da kike faɗuwa. Ki buga manhajar kowane darasi a takarda, ki raba batutuwan a kan makonni bakwai ɗin tun yau, domin wanda bai raba ba yakan cinye wata guda a babi ukun farko.

Minti 50 ɗin kuma ga yadda za ki kashe su. Minti 10 na farko, littafi a rufe, ki rubuta abin da kika tuna daga karatun jiya. Minti 25 ki karanta sabon batu guda ɗaya tak. Sauran 15 ki sake rufe littafin, ki rubuta shi da kalmominki, sannan ki buɗe ki gwada, ki ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ya kuɓuce miki. Wannan jan layin shi ne ainihin abin da za ki yi bita a kai.

Dalilin rufe littafi shi ne maimaita karatu yana ruɗin mutum. Idan kika ga shafi karo na uku za ki ji kamar kin san shi, alhali gane shi kawai kika yi. A ɗakin jarrabawa kuwa ba shafin za a nuna miki ba, daga kanki za ki zaro amsa. Duk batun da kika gama, ki koma masa washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako guda, sai bayan mako uku. Kowace komawa minti biyar ce, ba sake karatu ba, tambayar kai ce.

Lokacin da ya fi dacewa bayan sallar Asuba ne, kafin gida ya tashi.

Anti Rabi HR:
'Yar'uwa, bari in tsaya a kan dokar ƙwadagon, don a nan mutane suka fi zubar da maki. Kada ki dogara da taƙaitaccen bayanin da ake turowa a WhatsApp. Ki samu ita kanta Dokar Ƙwadago, wadda ke Babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ki karanta sassan da idonki. Ki yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya.

Misali sashe na 11, wa'adin sanarwar kawo ƙarshen aiki: kwana ɗaya ga wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan katuna huɗu ne, kada ki cusa su a kati ɗaya. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 18 ya ba da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida bayan wata 12 a jere. Sashe na 54 hutun haihuwa ne, mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki.

Babban tarkon shi ne amsa tambaya da abin da kamfaninku ke yi. Kamfaninku na iya ba da hutun kwana 20, amma idan aka ce me doka ta tanada, amsar shida ce. Tarko na biyu yana sashe na 91: ma'anar ma'aikaci a wannan dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa, shugabanci, fasaha ko ƙwararru ba. Don haka idan aka kawo miki labarin manaja da aka sallama, ki fara duba takardar yarjejeniyar aikinsa, kuma ki tuna Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court) ce ke da hurumin shari'ar, bisa sashe na 254C na tsarin mulki.

Sannan aikinki ma aji ne. Duk ranar da kika rubuta takardar ɗaukar aiki ko ta gargaɗi, ki tambayi kanki wane sashe ne ya shafe ta.

Malam Na'ibi:
Na yarda da tsarin Baban Hanif, sai dai batun Asuba ba kowa zai iya ba. Uwa mai shirya yara makaranta, daga sallame salla ta shiga kicin. Idan haka ne, ki isa ofis da wuri da minti 30, ki ƙara da minti 20 a hutun rana. Muhimmin abu lokacin ya zama tsayayye, kuma kada a yanke shi daga barci. Wanda ya rage barcinsa zuwa awa huɗu don karatu, a mako na uku zai ajiye littafin gaba ɗaya.

Abin da ba a ambata ba shi ne lissafi, shi kuwa ba a koyonsa da ido, sai da biro. Fansho a dokar 2014: mai ba da aiki aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Idan albashin asali da kuɗin gida da na sufuri sun kama naira 200,000, kamfani zai zuba 20,000, a cire 16,000 daga ma'aikaci, jimla 36,000. Ga kuma yawan barin aiki: ma'aikata 120 a farkon shekara, 100 a ƙarshe, matsakaici 110, idan mutum 11 suka tafi, kashi 10 ke nan. Kuskuren da aka saba shi ne rabawa da adadin ƙarshen shekara a maimakon matsakaici. Ki riƙa sauya lambobin kina sake yi har hannu ya saba. Kuma kada ki gauraya kashi ɗaya cikin 100 da mai ba da aiki ke zubawa a asusun NSITF, wanda ke ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, da kashi ɗaya cikin 100 na asusun ITF, wanda na horar da ma'aikata ne.

Ummu Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wasu abokan aiki suna son mu riƙa karatu tare ranar Asabar. In shiga?

Anti Rabi HR:
Ki shiga idan ba ku wuce mutum huɗu ba, kuma da sharaɗin kowa ya karanta batun kafin ya zo. Awa ɗaya da rabi ta isa: kowa ya kawo tambayoyi biyar, a amsa ba tare da littafi ba, a yi gardama a kan wanda aka saɓa kawai. Idan zaman ya koma mutum ɗaya yana karantowa saura na saurare, ki janye, ki riƙe Asabar ɗinki.

Daga mako na takwas ki riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, a kan kwamfuta, tunda a kanta za ki zana jarrabawar. Duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta dalili a gefe: ban san batun ba, ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ya ƙure. Kowanne maganinsa daban. Hutun karatu kuma ki nema a rubuce tun yanzu, ki duba ko kundin ma'aikatan kamfaninku ya tanade shi. Idan babu, ki ware kwana uku ko huɗu daga hutunki na shekara, ki sa su daf da ranar jarrabawa.