Neman kalma: mi za mu ce ma foniks?

Malama Asabe: Salamu alaikum malamai. Ran Asabar ina da bita da malaman aji 1 na firamare a Wamakko, gobe za a buga takardar. Mi zan rubuta madadin foniks, wannan hanyar koya ma yara karatu? Tun da shirin Mu Karanta ya shigo Sakkwato da Bauchi muke koyar da abin, amma sunan bai zauna ba.

Bello: Tsarin sauti.

Malam Sani: A'a Bello, wannan tana da mai ita, darasi ne na masu nazarin harshe a jami'ar Ɗanfodiyo. A ce sautin haruffa.

Malama Asabe: Rabin aikin ke nan, Malam. Akwai wata yarinya ajina, ta san sautin k, ta san na a, in na nuna da tsinke tana faɗi daidai. Na rubuta kaka a allo, sai ta tsaya tana kallona. Haɗawar nike son kalmar ta ɗauko.

Baba Ladan: Kuna wahalad da kanku. Farfaru! Babbaƙu, farfaru, hajjatu, haka munka taso a makarantar allo. Abin da kakanninmu sunka gama tun kafin Turawa su shigo Sakkwato a 1903, shi za a sako muna cikin kwali da sabon suna?

Bello: Allah shi gafarta Malam, a allo sunan baƙi ake fara biyawa. Nan kuwa sautin ake fara ba yaro.

Baba Ladan: Ɗan nan, ka taɓa wanke allo?

Malam Sani: To ai harafi ma Larabci ce, wasali ma haka.

Baba Ladan: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ku dai jira kuke Kano ta yanke, ku ce amin.

Bello: Wa ya kawo Kano cikin maganar ga?

Hajiya Luba: Ku bar ta ta samu abin bugawa mana. Mutane na cewa wane ya iya haɗa baƙi. Ki ce haɗa sauti, Asabe, kowace malama za ta gane.

Malama Asabe: Na gode Hajiya, na rubuta haɗa sauti. Baba, farfaru zan kawo ta wurin bayani, su ga ba baƙon abu ba ne.

Baba Ladan: Wurin bayani. To. Ni dai ban sa hannu ba.

Malam Sani: Saura filashkad.

Malama Asabe: Kati. Mai buga takarda na rufe shago ƙarfe 6.