Wai a Wasiƙa ne Sha'iri Yake Magana da Muryarsa ta Gaskiya?

Malam Garba: Ni dai ina nan kan bakana. Mai son jin sha'iri yadda Allah ya yi shi, ya ajiye diwanin waƙoƙinsa ya ɗauko wasiƙunsa. Ku dubi Mirza Galib na Indiya, wanda ya rasu a 1869. Baitocinsa sai an zauna an yi ta warwara, amma wasiƙunsa na Urdu kamar hirar ƙofar gida. Ya watsar da doguwar gaisuwar kirari irin ta Farisanci da ake buɗe wasiƙa da ita a zamaninsa, sai kawai ya ce "ɗan'uwa" ya shiga zance. Shi da kansa ya yi alfaharin cewa ya mai da wasiƙa hira.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ai ka kama kanka. Wanda ya yi alfahari da salo ya san salo yake yi. Sauƙin nan ma sassaƙa shi aka yi. Kuma an fara buga wasiƙun a 1868, yana raye.

Malam Garba: Da farko ai ƙi ya yi, Hajiya, sai da aka matsa masa.

Auwalu: Bari in sa baki, da izinin manya. Emili Dikinsin ta Amurka ta rushe katangar da ke tsakanin waƙa da wasiƙa gaba ɗaya. A watan Afrilu 1862 ta rubuta wa wani marubuci, Higinsin, tana tambayarsa ko waƙarta tana da rai. Ba ta sa hannu a wasiƙar ba. Sunanta a kan ɗan kati ta rubuta, ta sa shi a wata ƙaramar ambulan daban, ta haɗa da waƙoƙi 4. Gajerun layukan nan (—) da take yanka ɗangon waƙa da su maimakon aya da waƙafi, suna nan birjik a wasiƙunta. Wasu jimlolin ma in ka karanta da ƙarfi sai ka ji sun hau kari. To ina kwalliyar, ina fuskar?

Hajiya Rabi: Madalla da kai, ƙanena.

Malam Garba: Mace ɗaya ce fa. Kits na Ingila fa? Ya rasu a 1821 yana da shekara 25, wasiƙunsa cike da kuren rubutu, jimla na bin jimla ba numfashi, tunani na zuwa kafin alƙalami ya shirya. Wannan ma sassaƙa ce?

Zainab: Baba Malam, nan kam ka ci. Amma ni abin da ke damuna daban ne. Duk wasiƙa tana da mai karɓa, kuma harshen da Kits zai yi wa ƙannensa ba shi zai yi wa masoyiyarsa ba. Wanne ne nasa na gaskiya?

Malam Garba: To mu koma kundin sirri na rubutun yau da kullum, wanda ba a rubuta wa kowa ba.

Zainab: Wanda ya tsira ke nan. An lalata kundayen Filif Lakin, sha'irin Ingila, bayan rasuwarsa a 1985, bisa wasiyyarsa. Kundin ƙarshe na Silbiya Filat, sha'irar Amurka, mijinta ne ya halaka shi, sauran kuma sai a 2000 aka buga su ba yanke. Su ma in ka buɗe, shafi bayan shafi gwajin siffantawa take yi, kamar mai wasa wuƙa kafin aiki.

Malam Garba: Wanda aka lalatan ai shi ne hujjata. Da kwalliya ce a ciki, wa zai damu ya hallaka shi?

Hajiya Rabi: Yanzu kuma shaidar da ba wanda ya karanta ka kira, Malam?