Gwiwata tana tsayar da ni a kilomita 14, ga kuɗin jama'a na riga na karɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da gudun dogon zango.

Mu tara ne daga unguwannin Nima da Mamobi a Accra muka haɗu za mu yi gudun rabin marato, kilomita 21, don tara kuɗin makarantar marayun unguwarmu. Kowa ya nemo masu ɗaukar nauyinsa. Ni har wata Hajiya mai sayar da waace (shinkafa da wake) a layinmu ta turo mini sidi 200 ta MoMo (tura kuɗi ta waya), kullum in na wuce sai ta ce, "Ɗana, yaya gudun?"

Wata uku ke nan ina atisaye bayan sallar asuba, ranar Asabar kuma mu hau tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Numfashi lafiya lau. Amma da na kusa kilomita 14 sai gefen gwiwata ta dama, ta waje, ya ɗauki zafi kamar ana soka mini ƙusa, musamman a gangara. In na tsaya na taka a hankali sai ya lafa. Babu kumburi. Na huta kwana 10, na sa ƙanƙara, na shafa man zafi, har takalmi na sake a kasuwar Kantamanto (na gwanjo ne, kada a yi mini dariya). Jiya ya dawo a daidai wurin.

Saura mako shida. In bar tudun Aburi gaba ɗaya ne, ko in rage nisa? Ko gudu da tafiya zan riƙa haɗawa? Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah me ya yi masa magani, kuma sai da ya ga likitan ƙashi?