Gurbin da aka hana Sharapova a Faris: me za mu kira shi da Hausa?

Masu rubuta labarin wasanni, ku matso kusa. Akwai abin da 'yan tanis ke kira "wild card", kuma ba a iya ba da tarihin Maria Sharapova ta Rasha ba tare da an ci karo da shi ba. Ina so mu tsayar masa da suna.

A kowace daga cikin manyan gasannin tanis huɗu (na Ostareliya, Faransa, Amurka da Wimbledon ta Ingila), mutum 128 ke shiga. 104 matsayinsu a jadawalin duniya ne ke shigar da su, 16 sai sun tsallake wasannin share fage. Sauran 8 kuwa masu gasa ne ke ba wanda suka ga dama. Sunan waɗannan takwas ɗin muke nema. Asalin kalmar daga karta ne, katin da ke tsayawa a madadin kowane kati, irin mai lamba 20 a Whot.

Sharapova ta ci Wimbledon a 2004 tana da shekara 17, ta doke Serena Williams. Ta ɗauki kofin Amurka a 2006, na Ostareliya a 2008, na Faransa a 2012 da 2014. Mai irin wannan tarihi ba ta roƙon a shigar da ita gasa. Sai ga 2016: gwaji ya nuna meldonium a jikinta, maganin da aka haramta tun 1 ga Janairun shekarar. Aka dakatar da ita shekara biyu, kotun wasanni ta Lausanne ta rage zuwa wata 15. Ta dawo a Afrilun 2017 ba ta da matsayi ko kaɗan, kowace gasa sai an buɗe mata ƙofa.

Gasar Stuttgart ta Jamus ta buɗe, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. (Kamfanin Porsche ne ke ɗaukar nauyin gasar, shi ne kuma take yi wa talla, sai ku auna.) Madrid da Rum ma suka buɗe. Faris, inda ta ci kofi biyu, ta ce a'a. Hujjar shugaban hukumar tanis ta Faransa na lokacin, Bernard Giudicelli, ita ce ana ba mai dawowa daga rauni, ba a ba mai dawowa daga hukuncin shan haramtaccen magani.

A sunayen da aka ba da shawara, wani ya kawo "katin daji", wato fassarar "wild card" kalma da kalma. Allah ya ba ka haƙuri Malam, wannan sai mai karatu ya ɗauka takardar izinin farauta ce. "Tikitin kyauta" kuma na 'yan kallo ne.

Wata yayarmu ta ce "ɗaga ƙafa". Yaya, a kan Sharapova ya zauna daram. Amma ƙafa ana ɗaga wa mai laifi ne ko wanda ake bi bashi. Kim Clijsters da ta dawo bayan ta haihu, ta shiga gasar Amurka ta 2009 ta wannan hanya har ta cinye kofin, laifin me ta yi? Haka yaran ƙasar da ke karɓar baƙuncin gasa, waɗanda su ne ma suka fi samun wannan dama.

"Gayyata ta musamman" da ake yawan ji ba ƙarya ba ce, sai dai ta ɓoye wanda ke da buƙata. Sau da yawa ɗan wasa ne ke nema, masu gasa su duba.

Ni dai na tsaya a kan "gurbin alfarma". Gurbi mun saba da shi tun daga gurbin karatu. Alfarma kuwa ba haƙƙinka ba ce: ana nema, ana yi, ana hanawa, kuma duk wanda aka yi wa sai an sami mai gunaguni, kamar yadda Eugenie Bouchard da wasu 'yan wasa suka yi a kan Sharapova. Na san za a ce alfarma tana nufin ƙasaita, kamar a "gidan alfarma". Gaskiya ne, amma jimla ke raba gardama: "Gasar Amurka ta 2017 ta ba ta gurbin alfarma, ta fitar da Simona Halep a zagayen farko." Wa zai ji wannan ya zaci kujerar manyan baƙi ce?

Kofinta na 36, na ƙarshe kafin ta yi ritaya a Fabrairun 2020, a Tianjin ta ci shi a Oktoban 2017, da gurbin alfarma ta shiga. Jam'i: guraben alfarma. Sakkwatawa da mutanen Damagaram, ya yake zauna muku a baki?