Tabarau na +4.00 yana sa yaro ciwon kai, me za a fara gyarawa?

Assalamu alaikum, likitocin ido da masu haɗa tabarau a Gombe. Yaro ne ɗan shekara 8 da ba ya ganin rubutun kusa sosai. An ɗiga masa cyclopentolate (maganin da ke sassauta tsokar cikin ido don awo ya fito daidai) kafin awo, aka samu ƙarfin gilashin da yake buƙata +4.00 a idon dama, +3.50 a hagu. Sati uku ke nan da fara sa tabarau, amma allo yana masa dishi-dishi, da yamma kuma ciwon kai.

Tazarar ƙwayar idanunsa milimita 56 ce, tazarar tsakiyar gilasan tabarau ɗin kuwa 62, wato kowane gefe ya kauce da milimita 3. Kaucewar ce ke wahalar da shi, ko ƙarfin ne ya yi yawa, a rage +1.00 tunda ba shi da harara-garke? Don Allah a taimaka, iyayen ba su da halin sayen tabarau sau biyu.