Shin yawan ƙofofin ruwa ne ke sa shuka ta jure fari?

Aminu: Assalamu alaikum, malamaina. Ina da ra'ayin cewa idan aka ƙara wa shuka yawan akwaporin, wato furotin ɗin nan da ke zama ƙananan ƙofofi a tantanin ƙwayar halitta don ruwa ya ratsa, to za ta fi jure fari. Hujjata ita ce saiwar da ke jan ruwa da sauri ita za ta fi cin moriyar ɗan damshin da ya rage a ƙasa.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Aminu, ƙofar da ruwa ke shiga ta cikinta, ta nan yake fita. A shekarar 2003 an ƙara wa taba ɗaya daga cikin waɗannan furotin na rukunin PIP, wato waɗanda ke tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta, sai ta yi saurin girma muddin ana ba ta ruwa, amma da aka hana ta ruwan sai ta riga wadda ba a taɓa ba yin yaushi, domin ganyenta ya ci gaba da fitar da ruwa alhali ƙasa ta bushe.

Aminu: Da girmamawa, Malama, ai a 2009 an yi irin wannan gwaji da tumatir, aka ƙara masa furotin na rukunin TIP, wato waɗanda ke tantanin jakar ruwan da ke cikin ƙwayar halitta, kuma ya fi ba da amfani ko da ruwa ya yi ƙaranci.

Malam Idi: Gaskiya ne, ɗana, sai dai ka duba irin farin da ake magana. Tumatirin da ake yi wa ban ruwa jefi-jefi yana iya yin kasada, saboda ruwa na nan tafe. Geron da damina ta ɗauke masa tun kafin ya cika ido ba shi da wannan gata. Masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sun gano cewa nau'in geron da ke jure farin ƙarshen damina yana rage fitar da ruwa idan rana ta take kuma iska ta bushe, ya bar damshi a ƙasa sai lokacin da ƙwaya ke cika. Wannan tattali ne, kuma shi ne abin da manomin Maraɗi ko Katsina yake bukata.

Malama Hadiza: Zan ƙara da cewa maganar yawa kaɗai tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato shuka tana buɗe ƙofofin tana kuma rufe su. Idan ambaliya ta shaƙe saiwa, cikin ƙwayoyin halittarta yakan yi tsami, ƙofofin PIP su rufe, shi ya sa za ka ga shuka tsaye cikin ruwa amma ganyenta a yamushe. Sannan ba ruwa kaɗai ke bi ta nan ba. A shinkafa, ƙofar da ake kira Lsi1, wadda masanin tsirrai Jian Feng Ma ya bayyana a 2006 ita ke shigar da silikon mai ƙarfafa kara, kuma ita ce dai ke barin gubar arsenik ta shiga, lamarin da ya dami Bangladesh.

Aminu: Na janye kalmar yawa, Malama, amma ban janye cewa ƙofofin na da hannu a juriya ba. Wace ƙofa ce a saiwar gero ke rufewa da tsakar rana, kuma me ke ba ta umarnin?