Laftof ya ƙi fitowa a talabijin, ina mafita?

Ɗan Kawo: Salam jama'a, don Allah a taimaka. Na jona laftof ɗina da TV ta wayar HDMI (wayar da ke kai hoto da sauti zuwa TV) don yara su kalli katun amma sai "No Signal" kawai take rubuto min, ga wayar sabuwa fil daga Kasuwar Barci.

Mai Gyara Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Fara duba bayan TV ɗin, ramukan suna da lamba, in a HDMI 2 ka soka to a rimot ma danna Source ka zaɓi HDMI 2. Sannan a laftof ka danne maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate, wato abin da ke allon laftof ya fito a TV ma. In shiru, zare wayar ka kashe su duka, ka mayar da wayar, fara kunna TV sannan laftof.

Ɗan Kawo: Allah ya saka da alheri Malam, hoto ya fito! Sai dai gefe-gefen ya yanke kuma sautin a laftof yake fita.

'Yar Barnawa: Yaya, wannan yankewar daga TV ne, shiga saitin girman hoto, a LG ka nemi Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit, sai ka mai da girman hoton laftof ɗin (resolution) 1920x1080 in TV ɗin tana ɗauka. Sauti kuwa danna alamar lasifika a ƙasan allo ka zaɓi sunan TV ɗin. HDMI ɗin ce dai kai tsaye ko da adaftar VGA (tsohuwar mahaɗar hoto ta kwamfuta) ka haɗa? Don VGA ba ta ɗaukar sauti sam, sai ka ƙara wayar odiyo daban.